Bi Ciki Ka Sami Barewa: Jagoran Maharbi a Farkon Kakar Farauta a Amurka

A dazuzzukan gabashi da tsakiyar Amurka, makonnin farko na farautar barewa makonnin ciki ne. Daga farkon Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, dabbar ba ta da wani aiki sai ci da sha da kwanciya ta yi tuƙa. Barbara ba ta kama ba tukuna, ƙarar bindiga ba ta firgita daji ba, don haka kullum takan tashi daga makwancinta ta nufi wurin kiwo, ta koma ta hanyar da ta saba. Maharbin da ya san abin da take ci yau, ya san inda za ta ratsa da yamma.

Sai dai abincin nan ba ya zama wuri ɗaya. Gonar da ta cika da bareyi ranar Juma'a tana iya wayar gari fayau ranar Laraba, alhali dabbobin ba su bar yankin ba, wani abin ne ya nuna a wani lungu. Wannan jagora zai bi abincin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suke shigowa, ya nuna yadda ake gane wanda ake ci a halin yanzu, da inda ya dace a yi kwanto.

Dabbar da lokacinta

Barewar da ake magana a kai ita ce mai farar wutsiya, wadda ta bazu daga kudancin Kanada har cikin Amurka ta Kudu. Ta bambanta da tamu ta Sahel: namiji ne ke da ƙaho, ƙahon reshe-reshe ne, yakan zubar da shi cikin hunturu ya tsiro da sabo da bazara. A jihohin arewa babban namiji yakan kai kilo 70 zuwa 100, wani ma ya zarce.

Kowace jiha da ranar buɗe farautarta, kuma galibi da baka da kibiya ake farawa. A wasu yankunan Karolaina ta Kudu ana buɗewa tun 15 ga Agusta. Kentaki tana buɗewa ranar Asabar ta farko a Satumba, Mizuri ranar 15 ga Satumba, Ilinoi da Ayowa da Mishigan kuwa sai 1 ga Oktoba. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin wanda ya fita a Kentaki zai tarar da waken suya kore shar, wanda ya fita a Mishigan kuwa zai tarar ganyen ya yi rawaya, ƙwallayen itacen ok sun fara zuba.

A wannan lokaci maza na yawo rukuni-rukuni, uku ko biyar ko fiye, ƙahonsu lulluɓe da fata mai laushi da ke ɗauke da jini. Da rana ta fara gajarta, daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba, sai ƙahon ya ƙeƙashe, fatar ta saluɓe, zumuncin mazan ya fara lalacewa, kowa ya kama gabansa. Namiji na tara kitse ne saboda barbarar Nuwamba, wadda takan cinye masa kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, wani lokaci har kashi ɗaya cikin huɗu. Mace kuwa ta haihu tun ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, shayarwa ta tsotse ta, tana yaye tana neman mayar da jiki kafin sanyi. Kowa a dajin yunwa yake ji, kowa kuma da dalilinsa.

Fara da sanin cikinta

A cin abinci barewa ta fi kusa da akuya a kan saniya. Bakinta siriri ne, tana zaɓe tana tsinka: kan toho a nan, ganye mai laushi a can, 'ya'yan itace a gaba. Tumbinta ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinta, abinci ba ya daɗewa a ciki, saboda haka ba ta iya dogara da busasshiyar ciyawa mai wuyar narkewa. Ciyawa irin ta kiwon shanu kaɗan ce ƙwarai a cikin abincinta, sai fa ɗanyen tsiron alkama ko makamancinsa. Wanda ya ga makeken fili kore ya ce lallai nan bareyi suke kiwo, sau da yawa yakan wuni bai ga ko wutsiya ba.

A kudu maso gabashin Amurka masana sun ƙirga tsirrai fiye da 400 da take ci, amma a kowane mako 'yan kaɗan ne take fifitawa. Mizaninta guda biyu ne. Na farko, abin da ya fi laushi da sauƙin narkewa a ranar. Na biyu, abin da jikinta ke bukata a wannan wata. Lokacin zafi, sa'ad da ƙaho ke girma nono ke zuba, furotin take nema, wato ɗanyen ganye. Da kaka ta shigo sai bukata ta juya zuwa abinci mai sitaci da maiƙo, wanda ke zama kitse. Farkon farauta ya faɗo daidai kan wannan juyi, shi ya sa al'amarin ke canzawa mako-mako.

Gonaki: waken suya, alfalfa da masara

A yankin noma na tsakiyar Amurka, waken suya ne sarkin abinci tun daga Yuli. Ganyen take ci, musamman na kan tsiro, domin furotin ɗinsa yakan kai kashi 25 cikin 100 ko fiye. Idan ka tsaya nesa da madubin hange awa ɗaya kafin faɗuwar rana a cikin Agusta, za ka ga bareyi suna fitowa daga kusurwa ɗaya ta gonar kusan kowace yamma. Wannan kusurwa ita ce jarinka a makon farko.

Amma ka riƙa duba launin ganyen. Da zarar ya fara rawaya, galibi wajen tsakiyar Satumba, bareyi kan juya masa baya cikin 'yan kwanaki, ba za su dawo ba sai ƙwayar ta bushe, sanyi ya tsananta. Dabarar ita ce ka nemi inda kore ya saura. Gonar da aka shuka a makare, misali bayan an girbe alkama, takan riƙe korenta mako biyu ko uku bayan sauran. Ko cikin gona ɗaya, gefen da inuwar daji ke rufewa da kwarin da ke riƙe laima sukan daɗe ba su bushe ba. Ɗan wannan tsiri na kore yana iya tara bareyin da a da suke warwatse a faɗin gonar duka.

Alfalfa da kuloba, ciyayin da manoma ke nomawa don dabbobinsu, ba sa saurin yin rawaya. Alfalfa ana yankanta sau uku ko huɗu a shekara. Wadda ta tsufa ta yi fure tana da tauri, barewa ba ta damu da ita ba. Wadda aka yanka kwana 10 zuwa 14 da suka wuce, ta sake toho, musamman in an sami ruwan sama a kai, ita ce abin so. Tambayi manomi ranar da ya yi yankan ƙarshe, ka ƙirga kwanakinka daga nan.

Masara tana da fuska biyu. Tana tsaye, maɓoya ce: barewa na iya kwana a ciki, ta ci a ciki, ba ta fito fili ba sai dare. A irin wannan hali ka nemi bakin gonar inda ta haɗu da daji ko rafi, ka duba zangarniyar da aka ɓare aka gwaguya. Ranar da injin girbi ya ratsa kuwa, maɓoya ta tafi, ƙwayar da ta zube ta saura a ƙasa. Yammacin farko da na biyu bayan girbi suna daga cikin mafi albarka a duk kakar.

Akwai kuma 'yan gonakin da mafarauta ke shukawa musamman don namun daji. A farkon kaka ɗanyen tsiron alkama da hatsin ots da kuloba su ne ake ci. Masu kauri irin su tanif da radish galibi sai sanyi ya daskarar da raɓa sannan bareyi ke mayar da hankali kansu sosai, don haka kada ka ɓata makon farko a bakinsu.

'Ya'yan itace masu zaƙi

Idan akwai abin da zai sa barewa ta bar gonar wake tana kore, to 'ya'yan itace ne da suka nuna suka faɗo. Na gaba-gaba a kudu da tsakiyar ƙasar shi ne fasimon, wanda ɗan'uwan kanyarmu ne na jini, domin masana tsirrai dangi ɗaya suka sa su. Halinsu ma ɗaya: ɗanye bauri ne mai ɗaure baki, nunanne kuwa zaƙi ne zalla. Itacen yana da mace da namiji, macen ce ke 'ya'ya, don haka kada ka dogara da ganin itacen kawai, ɗaga kai ka tabbatar akwai 'ya'ya. Ana gane shi da ɓawonsa baƙi-baƙi mai tsage-tsage gida-gida. Yakan fara zuba daga Satumba, wani itacen ya kai Nuwamba, kuma ba bareyi kaɗai ke jiransa ba, sauran namun daji ma suna rububi. Abin da ya faɗo da rana ba ya kwana. Wannan ne ke sa barewa ta zo da wuri, tun da sauran haske.

A arewa tuffa ce ke wannan aiki. Tsofaffin gidajen gona da aka yi ƙaura aka bari sukan bar itatuwan tuffa da fiya a tsakiyar sunƙuru, babu mai kula da su. Itace ɗaya irin wannan, in yana kusa da makwanci, ya fi gona guda. Haka inabin daji da ke hawa itatuwa a kudu, wanda kan zuba tun farkon Satumba.

Abin lura game da 'ya'yan itace masu laushi shi ne gajeren kwanansu. Wani itacen mako ɗaya ko biyu ne ya ƙare. Idan ka tarar yana zuba yau, yau ɗin ne ranarka, matuƙar iska ta ba ka dama.

Ƙwallon ok: mai juya daji

A da, itacen cesnat na Amurka ne ke ciyar da namun dajin gabas kowace kaka. Wata cutar naman gwari da aka fara gani a birnin New York a 1904 ta hallaka biliyoyin itatuwansa cikin kusan shekara 50. Tun daga nan nauyin ya koma kan itacen ok, kuma yau babu abincin da ke juya tafiyar barewa kamar ƙwallonsa. Ranar da ya fara zuba, gonaki kan zama kufai. Mafarauta da yawa sukan yi kukan cewa bareyi sun ɓace a farkon Oktoba, alhali suna nan cikin daji, suna cika tumbi a inuwa, ba su da dalilin fitowa fili.

Dole maharbi ya iya raba manyan dangogin ok guda biyu.

Farin ok: gefen ganyensa yatsu-yatsu ne masu zagayayyen kai, ɓawonsa fari-fari mai ɓamɓarewa. Ƙwallonsa yana nuna cikin shekara ɗaya, baurinsa kaɗan ne, shi ya sa barewa ke fifita shi. Amma ba ya jimawa a ƙasa. Cikin 'yan makonni ko a cinye shi, ko ya tsira, ko ya ruɓe. Ba kowace shekara yake cika 'ya'ya ba, ana iya yin shekaru tsakanin babbar zuba da wata.

Jan ok: yatsun ganyensa masu tsini ne, ɓawonsa ya fi duhu. Ƙwallonsa shekara biyu yake yi kafin ya nuna, ya fi maiƙo amma ya fi bauri, kuma baurin ne ke hana shi lalacewa har cikin hunturu. Barewa na cinsa sosai, sai dai in ga fari ga ja, farin take fara ɗauka.

Wannan bambanci na shekara ɗaya da shekara biyu yana da amfani ga mai lissafi. Idan sanyi ya dawo a makare cikin bazara ya kashe furen ok, farin ba zai yi 'ya'ya bana ba, jan kuwa sai baɗi asarar za ta bayyana. Sanyin kuma ba ya bugun ko'ina daidai: yana iya ƙone furen itatuwan kwari ya bar na kan tudu. Saboda haka tun cikin Agusta ka ɗauki madubin hange ka bi itatuwan ɗaya-ɗaya, ka duba ƙarshen rassan sama, ka rubuta waɗanda suka ɗauka. Itacen da ke bakin fili ko wanda ya sami sarari ya baza rassa yakan fi wanda ke cunkushe a tsakiyar kurmi 'ya'ya.

Shekarar da ok ya yi ƙaranci, aikin maharbi mai sauƙi ne: nemo itatuwa biyu ko uku da suka yi 'ya'ya, bareyin yankin duk can za su. Shekarar yalwa ita ce mai wuya, domin abinci na ko'ina, dabba ba ta bukatar tafiya. A nan sai ka bar tambayar ina abinci yake, ka koma tambayar wane itace ne mafi kusa da makwanci, kuma wanne ake ci yau.

Ga yadda gindin itacen da ake ci yake. Tun kafin ka iso za ka ji ƙwallaye na faɗowa tim, tim a kan busasshen ganye, kurege na ta kai da kawo a sama. A ƙasa ganyen a birkice yake, an ture shi da hanci da kofato har ƙasa ta bayyana. Hulunan ƙwallon sun fi ƙwallon yawa, ga ɓawo a farfashe inda aka tauna aka zubar. Ga sawu manya da ƙanana a kan juna. Babbar shaida kuma ita ce kashi: ɗanye, baƙi, mai sheƙi, tari-tari a wurare da yawa ƙarƙashin inuwa ɗaya. In ka tarar da ƙwallaye birjik amma kashin ya bushe ya yi fari, ko babu shi sam, wuce gaba. Fasa ƙwallo biyu ko uku ka gani, domin wani lokaci tsutsa ta riga ta cinye cikin, barewa kuwa da hanci take ganewa ba sai ta fasa ba.

Toho da ganyayen daji

Ko a ranar da ta ƙoshi da ƙwallon ok, barewa ba ta barin ganye. Tana tafe tana tsinka, daga makwanci har wurin kiwo. A dajin da babu gona ko kaɗan, wannan shi ne tushen abincinta: ganyayen da manomi ke kira ciyawar banza, masu faɗin ganye, da kan yaɗo mai ƙaya, da tohon ƙananan itatuwa, da naman kaza bayan ruwan sama. Ganyen itacen mafal da ya faɗo sabo a farkon Oktoba ma tana tsince shi.

Irin wannan abinci yana inda rana ke taɓa ƙasa. Tsohon kurmi mai dogayen itatuwa yana da kyan gani, amma ƙarƙashinsa fayau ne, babu abin da bakin barewa zai kai. Nemi inda aka sare katako shekara biyu zuwa biyar da suka wuce, ko inda gobara ta ci, ko inda guguwa ta kayar da itatuwa, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki da ake sharewa. Waɗannan wurare abinci ne kuma makwanci ne a lokaci guda.

Don ka tabbatar barewa ce ta ci, kama kan reshen ka duba. Ba ta da haƙoran gaba a sama, saboda haka ba ta yankewa, fizga take yi: kan reshen zai kasance a yage, da zare-zare. Zomo kuwa yanka yake yi tsaf, a karkace, kusa da ƙasa. Idan yagewar tana da ɗanyen kore da laima, cin na jiya ne ko na yau. Idan ta yi ruwan ƙasa, labari ne ya wuce.

Ruwa

A Satumba zafi yakan yi tsanani, barewa kuma ta fara sa gashin sanyi. Ganye mai laima na rage mata ƙishi, amma da ta koma kan ƙwallon ok da busasshiyar masara sai bukatar ruwa ta ƙaru. Ta fi son ɗan ƙaramin mashaya a ɓoye tsakanin makwanci da wurin kiwo a kan babban tafki a fili. A shekarar fari, ɗan kududdufi mai sawu a bakinsa yana iya fin kowane itace. Idan kuwa ka tarar da mushen bareyi a bakin ruwa a ƙarshen lokacin zafi, wataƙila cutar zubar jini ce da wasu ƙananan ƙudaje ke yaɗawa har zuwa saukar sanyi. Ka sanar da hukumar namun daji ta jihar.

Matakan bincike

Na ɗaya, tun Agusta ka zana taswirar wurin: gonaki da abin da aka shuka, itatuwan ok da suka ɗauka, fasimon da tuffa, mashaya, da duhuwar da kake zaton makwanci ce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, ka yi kallon gonaki daga nesa da yamma, daga mota ko kan tudu. Kada ka taka inda suke fitowa.

Na uku, in farauta ta buɗe, ka riƙa zaga wuraren abincin da tsakar rana, lokacin da dabbobi ke kwance, ka yi sauri, kada ka kutsa makwanci. Bayan ruwan sama ya fi, domin ƙasa na nuna sabon sawu, warinka kuma ba ya daɗewa.

Na huɗu, kyamarar da ake ɗaurewa a itace tana taimako, amma abin da ya riga ya faru take nunawa. Hoton makon jiya ba ya gaya maka cewa farin ok ya fara zuba shekaranjiya a bayan tudu. Zuwa da kai ya fi aike.

Na biyar, in kai ko abokinka kun sami dabba, ku buɗe tumbin ku duba. Abin da ke ciki, ko ɓarzajjen ƙwallo ne, ko koren ganye, ko ƙwayar masara, ko 'ya'yan fasimon, shi ne labari mafi inganci da za ka samu a kan abincin wannan mako.

Na shida, in ka zauna yamma biyu a wuri ba ka ga komai ba, kada ka ɗora wa wata ko zafi laifi. Sauka ka nemi inda abincin ya koma.

Inda za a yi kwanto

A farkon kaka yamma ta fi safiya. Da asuba bareyi suna cikin gona ko suna kan hanyar komawa, mai shigowa a duhu yakan yi karo da su ya kore su. Da yamma kuwa suna kwance, kana iya shiga da la'asar ka zauna kafin su motsa.

Mata da 'ya'ya sukan fito fili da wuri. Babban namiji yakan tsaya cikin daji, mita 50 zuwa 100 daga bakin gona, yana ɗan tsinke-tsinke har duhu ya rufa. In shi kake nema, ja da baya ka zauna a wannan matsaya, musamman in akwai itacen ok mai zuba a wurin, da ƙananan itatuwan da ya goge ƙaho a jikinsu.

Hancin barewa ya fi idonta da kunnenta. Ka zauna inda iska ke busowa daga wajenta zuwa gare ka, kuma hanyar shigarka kada ta ratsa turbarta. A ƙasa mai tudu da kwari ka tuna cewa iska na hawa sama da safe in rana ta ɗumama ƙasa, tana gangarowa kwari da yamma in wuri ya yi sanyi. Wanda ya zauna a saman turba da magariba, warinsa zai sauka kan dabbar. Ka kuma shirya hanyar fita tun kafin ka shiga, domin in ka ratsa gona cike da bareyi bayan duhu, gobe ba za su fito da haske ba. In iska ba ta dace ba, haƙura da wurin ranar nan, komai kyansa.

Masu baka galibi sukan kafa mazauni a kan itace, tsayin mita biyar zuwa shida, kimanin mita 20 daga inda suke sa ran dabba za ta tsaya. Faɗowa daga irin wannan mazauni yana cikin manyan abubuwan da ke raunata mafarautan barewa. Ɗaura ɗamarar tsaro tun daga ƙasa, kada ka kwance sai ka sauko.

Doka, lafiya da haƙƙin nama

Wajen shekarar 1900 barewa mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa, ta ragu zuwa kimanin rabin miliyan saboda farautar kasuwa da sare daji. Yau ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30. Doka ce ta dawo da ita: ƙayyade lokaci da adadi, da dokar Pittman-Robertson ta 1937 wadda ta ware kuɗin harajin bindigogi da harsasai don kula da namun daji. Saboda haka lasisi da takardar izinin kowace dabba da kwas ɗin koyon farauta ba wahalarwa ba ce, su ne dalilin da ya sa akwai abin farautar. Ƙasar wani kuma ba a shigarta sai da izininsa.

Zuba masara ko gishiri don jawo barewa ya danganta da jiha. Teksas ta yarda da shi a filin mutum na kansa, Ilinoi da Ayowa sun hana farauta a kansa. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne cutar ramewa mai cin ƙwaƙwalwa, wadda aka fara ganewa a Kolorado a 1967, kuma tara dabbobi baki-da-baki a wuri ɗaya yana taimaka mata yaɗuwa. In kana yankin da take, kai dabbarka a gwada, kuma hukumomin lafiya sun yi gargaɗi kada a ci naman wadda aka samu da ita. Ka kuma binciki jikinka bayan kowace fita, domin kaska na da yawa a wannan lokaci, tana ɗauke da cutar Layim.

Zafin Satumba ba ya jiran kowa. Nama na fara lalacewa in ya daɗe sama da digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, don haka ka tanadi ƙanƙara kafin ka bar gida, ka farke cikin dabbar da zarar ka same ta, ka sanyaya naman cikin gaggawa. Kada ka saki kibiya sai dabba ta tsaya a nisan da ka saba harbi, ta ba ka haƙarƙari sosai. Maharbi Musulmi ya ambaci sunan Allah lokacin saki, in kuma ya tarar da ita da sauran rai ya yanka.

Wanda ya lazimci wannan tsari shekara biyu ko uku a daji ɗaya, zai ga ya fara riga dabbar lissafi: ya san gonar da za ta fara rawaya, ya san itacen da ke fara zuba da wanda ke biye masa, ya san inda za a koma in duka sun ƙare. Ajiye ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da kowane abinci ya shigo da ranar da aka bar shi, da yanayin iska da ruwan sama. Baɗi, kafin ranar buɗewa, littafin nan zai gaya maka wurare uku da za ka fara dubawa.